Ai Akwai na Paiko

A makon jiya jikata ta ɗauke ni a Keke za mu dubiya, muka bi ta cikin Shango, a nan Minna. A bakin wani fili da ake haƙa harsashin shaguna na hango wani dutse mai rami a tsakiya, magina sun jingine shi gefen kwata suna wanke cebur a cikinsa. Na ce da mai Keke ya tsaya. Ya tsaya yana ƙunƙuni, don a zatonsa tsohuwa ta hango ƙawarta ce, za a yi hirar da ba ta ƙarewa. Komin da muke jiƙa wa shanunmu kanwa ne. Na gane shi da leɓensa, inda harsunan shanu suka lashe har ya yi sulɓi. Jikata ta ce, "Hajiya, dutse ne fa." Na ce mata na gani, ai ba makancewa na yi ba. Muka wuce, amma tun ranar abin ya ƙi barin raina, shi ya sa na ce bari in faɗe shi ko na samu sauƙi.

Wanda ya san Shango ta yanzu, da shagunanta da injinan niƙa da masu babur suna zagin juna, ba zai yarda ba in na ce masa a nan na yi ƙuruciya ban san ƙarar da ta wuce kukan maraƙi da usur ɗin jirgin ƙasa ba. Gidanmu ne na ƙarshe ta wannan gefen. Daga bayan shingenmu sai ciyawa mai tsayin mutum, sai kurmi can ƙasa wajen rafi. Mu ba makiyaya masu yawo ba ne, a wuri ɗaya muke zaune tun zamanin mahaifin kakana, da garke da shingen ƙaya da gonar dawa wadda takin shanu ke ciyarwa. Gari na wayewa maruƙa za su fara kiran iyayensu daga jikin dangwali, igiyar da ake ɗaure su a jere, iyayen suna amsawa daga cikin shinge. Mu 'yan mata mu fito da ƙore, a saki maraƙi ya ɗan tsotsa har nono ya sauko, sannan a janye shi a durƙusa a tatsa. Har yau kunnena yana riƙe da ƙarar nonon farko a gindin busasshiyar ƙwarya, da yadda take yin taushi in kumfa ya taso. Bayan tatsa sai cirar kaska, aikin da na fi tsana a duniya, sai a hura ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori ƙuda. Yaran yanzu a gwangwani suka san madara. Wani jikana ma ya taɓa tambayata ko saniyar ce ke zuba sukarin da kanta.

Kaka ya sha ba mu labarin asalin garken, mu kuwa muna jin sa da rabin kunne, don mun ɗauka shi da labarin duka ba inda za su je. Mahaifinsa ya gangaro ne daga arewa da fararen shanu dogaye, lokacin da aikin hanyar jirgi ya tara mutane a Minna, ana neman nono da nama. Bai san ƙasar tana da mai ita ba, wato ƙudan tsando. Shi ne ƙudan kurmi da ke cizon saniya ya sa mata sammore: ta yi ta ramewa alhali tana ci, gashinta ya tashi, idonta ya yi ta hawaye, har ta kwanta ta kasa tashi. Kafin ya gane inda ya faɗo, 'yan karsanai kaɗan suka rage masa. Wani manomin doya na wajen Paiko, mutumin Gbagyi, shi ya tausaya masa. Yana da wasu baƙaƙen shanu ƙanana marasa tozo, masu kiwo a bakin kurmi, tsando na cizonsu suna kaɗa wutsiya kawai. Ya ba shi aron bajimi. Abin da aka haifa kuma ba a bar shi haka nan ba. A zaɓi wanda ya jure ciwo, a ajiye 'yar da uwarta ke da nono, a fitar da mai ƙin maraƙinta. Aikin ya cinye rayuwar mahaifin Kaka gaba ɗaya, ya ci rabin ta Kaka, kafin iri ya tsaya, ya zama duk abin da aka haifa sai ya ɗauko kamannin gida. Manomin ma aka raba masa nasa. Garke ya zama biyu, ɗaya a Minna ɗaya a Paiko, jininsu ɗaya.

Ba zan yi ƙarya in ce kyawawa ne ba. Gajeru ne, masu ruwan toka da baƙin kunne, tozonsu bai fi dunƙulen hannu ba, ƙahon kuma kamar an fara shi an fasa. Nononsu ba yawa, sai dai kauri, in kin kaɗa ƙwarya ɗaya ki sami man da wata sai ta kaɗa biyu. Fataken da ke koro manyan shanu zuwa tasha sukan tsaya bakin shingenmu su yi ta dariya. Wani ya taɓa ce wa Kaka, "Malam, waɗannan 'yan maruƙan ina iyayensu?" Kaka ya ce, "Ka bar naka a nan su yi damina, sai mu gwada tsayi, naka a kwance nawa a tsaye." A gidanmu ranar suna ake nuna wa jariri saniyarsa, duk abin da ta haifa nasa ne. Tawa ta tsufa ta bar mini 'ya, na sa mata suna Guntuwa. Ba ta yarda kowa ya tatse ta sai ni. Na riga na gama shiri a raina cewa da ita zan tafi gidan aure, 'ya'yana su sha irin nonon da na sha, a nuna musu 'ya'yanta ranar sunansu.

Abin da ya riƙe irin nan al'ada ɗaya ce tsakanin gidajen biyu. Ba a barin bajimi ya daɗe a garke har 'ya'yansa mata su isa barbara, don in ya hau su iri ya lalace. Saboda haka in lokaci ya yi, bayan an haƙe doya, sai a yi musaya: namu ya tafi Paiko, nasu ya zo Minna. In bajimi ya tsufa, ɗansa da aka zaɓa ya gaje shi, a ci gaba. A zamanina ɗan wancan manomin ne ke riƙe da gidan, sa'an Kaka ne, muna ce masa Baban Paiko. Kirista ne, ranar Lahadi ba ya taɓa fartanya, amma in lokacin salla ya riski Kaka a gidansa shi ke shimfiɗa masa tabarma da kansa. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, mu duka "kai" ne a bakinsa, muna dariya yana taya mu. Duk ranar da ya shigo kasuwar Minna sai ya biyo ta gidanmu da doya a bayan kekensa. Da rana tsaka yake zuwa, shanu suna daji, don haka ba ya ganin su, sai dai ya tambaya. Gaisuwarsu iri ɗaya ce kullum, har mun haddace muna kwaikwayo a bayan ɗaki. Bayan an tambayi gida da iyali da gajiya, sai ya ce, "Aboki, yaya bajimina?" Kaka ya ce, "Lafiya lau. Yaya nawa?" Shi ma ya ce, "Lafiya lau." Daga nan a kawo masa kindirmo.

Sai zamani ya fara juyawa. Ma'aikata suka zo suka sassare bakin rafuka, suka yi feshi, tsando ya ja da baya har yara suka tashi ba su san cizonsa ba. Ƙafar Kaka ta fara ciwo, sandar kiwo ta koma hannun babana. Kada wani ya ji labarin nan ya zage shi, babana ya san shanu kuma yana son su. Amma shi ne ke kai su kara, kasuwar shanu, shi ake yi wa dariyar a gaban mahauta, kuma mai jini a jika ba ya haɗiye dariya yadda tsoho ke yi. Ya je can wajen Kagara ya sayo wani farin bajimi, ƙato, tozonsa yana rangaji in yana tafiya. Ranar da aka shigo da shi har maƙwabta sun zo kallo, ni ma ba zan ɓoye ba, ya burge ni. Matsalar ita ce Dunƙule, bajimin Paiko da ke hannunmu a lokacin. Bai kai kafaɗar baƙon ba, amma ba wanda ya gaya masa. Ya shiga ƙarƙashinsa ya tunkuye shi a ciki, ya kore shi bayan garke, karsanai kuma duk shi suke bi. Farin ƙaton ya zama ɗan kallo a gidan da aka kawo shi don ya yi aiki.

Wata safiya malamin dabbobi ya zo rigakafi, da wani ƙarfe mai kama da awartaki wanda ake dandaƙe sa da shi ba tare da jini ba. Ina tatsar Guntuwa na ji babana da Kaka ta bayan shinge.

"Baba, muddin Dunƙule yana nan a yadda yake, wancan ba zai taɓa haifar mana komai ba," in ji babana. "A dandaƙe shi da sauran 'yan mazan, su riƙa yi mana huɗa."

"Ba namu ba ne," in ji Kaka.

"Tsando ya tafi, Baba. Wa zai ci gaba da kiwon gajeru yanzu? In ma an so su wata rana, ai namu yana can."

Kaka ya daɗe yana tona ƙasa da sandarsa. Ciwo ya gajiyar da shi, kuma ba ya son a ce ya miƙa wa ɗansa garke amma ya ƙi sakin sanda. Daga ƙarshe ya ce, "To. Ai akwai na Paiko." Da wannan maganar aka kayar da Dunƙule.

Kasuwa ta zagayo, Baban Paiko ya jingine kekensa a ƙofar gida, aka gaisa har aka iso kan tambayar. Na ga Kaka ya sunkuyar da kai. Ta ina mutum zai fara gaya wa amininsa, ɗan aminin ubansa, cewa amanar da ya ba shi an mai da ita san huɗa? Ya ce, "Lafiya lau." Kuma ba ƙarya ya yi ba, Dunƙule yana ci yana sha, har ƙiba ya yi. Lokacin musaya ya zo ana tsakiyar yaƙin basasa, hanya cike da motocin soja, babban ɗan Baban Paiko kuma ya tafi fagen daga an daina jin ɗuriyarsa. Ba wanda ya ta da maganar shanu, kuma na san Kaka ya ji daɗin wannan shirun, don ya ɗage masa kunya. Da yaƙi ya ƙare sai ga yaron ya dawo da ƙafarsa bayan an fid da rai. Aka yi biki a Paiko. Kaka bai iya zuwa ba saboda ƙafa, babana yana daji da shanu, sai aka aiko mana da cinya guda tare da saƙon cewa Musulmi ne ya yanka. Muka yi kwanaki muna ci muna sa albarka. Musaya ba a sake ambatarta ba, gaisuwa dai tana nan yadda take.

Shekarun da ruwa ya ƙi sauka a arewa su suka tona asiri. Garkuna suka yi ta gangarowa ƙasarmu, ƙashi da fata, suka cinye ciyawar tudu ƙarƙaf. Dole babana ya tura namu can ƙasa cikin kurmi inda sauran ɗanye yake, a nan kuwa ashe tsando bai taɓa zuwa ko'ina ba. Farin bajimin ne ya fara kwanciya. Sai 'ya'yansa, dogayen karsanan nan da babana ke alfahari da su, ɗaya bayan ɗaya gashi ya tashi, ido ya kama hawaye. Allura ta ta da wasu, wasu ta tashe su yau su koma gobe. Tsofaffin gajeru kuwa suna tsaye suna tuƙa kamar ba abin da ke faruwa, Dunƙule a cikinsu da ƙibarsa, ba abin da zai iya yi wa kowa. Na ga babana ya tsaya yana kallonsa, sannan ya juya ya share fuska da hularsa. Na tausaya masa ƙwarai a ranar. Gajerun duk sun wuce haihuwa ko sun kusa, Guntuwa ce kaɗai mai sauran ƙarfi. In irin zai sake tashi, ta cikinta zai tashi, kuma aurena ya matso.

Kaka ne ya yanke magana. Ya ce, "Gobe za a kai Guntuwa Paiko, ta zauna wurin bajimina har ta ɗauka. Da ni za a je. Akwai maganar da ta daɗe a bakina, gara in sauke ta."

Da sassafe aka ɗora shi kan jaki. Ina gaba da igiya, don Guntuwa ba ta bin kowa sai ni, babana yana baya da sanda. Muka ƙetare kogin Chanchaga, wanda a shekarar ruwansa ko gwiwa bai kai ba. Hantsi ya yi zafi muna dosar wata ɗorawa a gefen hanya don mu huta, sai muka hango wasu suna tahowa daga gabanmu. Tsoho ne a ƙafa, yana jan gajeriyar saniya mai ruwan toka da baƙin kunne, wani saurayi mai tafiyar soja yana biye da shi. Kaka ya tsayar da jaki. Baban Paiko ma ya tsaya cak. Mai shanu ba ya bukatar a gaya masa dalilin da zai sa mutum ya jawo saniya ɗaya tilo, mace, ya nufi gidan da yake zaton akwai bajimi. Kowannensu ya kalli abin da ɗan'uwansa ya jawo, ya gane.

Duk da haka sai da aka gaisa. Aka sauko da Kaka, suka tambayi gida, suka tambayi iyali, suka tambayi gajiya. Da aka zo inda tambayar nan take, ba wanda ya yi ta.

"Aboki," in ji Baban Paiko, "ina za ka kai wannan?"

"Wurin bajimina," in ji Kaka.

Baban Paiko ya zauna a kan saiwar ɗorawa. Ya ce, "Bajiminka ai ka ci shi. Cinyan da na aiko maka. Yaro ya dawo, kaina ya juya, na ce abin da ya fi girma a gidana shi zan yanka in gode ma Allah. Kananan mazan kuma yara sun riga sun sayar ma mahauta lokacin yaki. Na ce ba komai, ai akwai na Minna."

"Na Minna yana jan garma," in ji Kaka. "An dandaƙe shi tun kafin ɗanka ya tafi."

"Kullum ina tambayanka, aboki."

"Ni ma ina tambayarka."

"Ka ce mini lafiya lau."

"Kai ma haka ka ce."

Baban Paiko ya fara dariya, yana buga cinya, har dariyar ta rikiɗe ya rufe fuska da tafin hannu. Ban taɓa ganin namiji mai furfura yana kuka ba sai ranar, kuma ban san inda zan sa idona ba. Babana ya durƙusa a gabansa zai yi magana, tsohon ya ɗaga masa hannu ya ce, "Tashi, yaro. Da ubanka ya fada mini a ranar, da ban yanka ba. Da ni na fada masa ina so in yanka, da ya hana ni. Wannan namu ne, mu manya." Kaka kuwa sai tona ƙasa yake yi da sanda. Shanun biyu kuwa suka shinshini juna, suka gane juna, suka sa kai cikin 'yar ciyawar gindin itacen suna kiwo kafaɗa da kafaɗa. Da za mu rabu, Baban Paiko ya miƙo mini igiyar tasa ya ce, "Kai, rike. Su zauna tare, ba ni da inda zan kai shi." Haka muka juya gida da shanu biyu.

Babana bai zauna ba. Ya bi ƙauyuka yana cigiya, ya kai har bayan Kagara, ya samo wani baƙin sa ƙarami marar tozo irin na farko, ya ce sai a sake ginin daga tushe. Kaka ya shafa bayan san ya ce, "Abin ya ci ran ubana, ya ci rabin nawa. Ba ni da wani rabin da zan ba shi, kai kuma gari ba zai jira ka ba." Haka kuwa aka yi. Kafin maruƙan farko su girma an fara kafa duwatsun filaye a makiyayarmu. Na tafi gidan aure da Guntuwa kamar yadda na so, ɗana na fari ya sha nononta, amma abin da aka nuna masa ranar suna wata doguwar maraƙa ce 'yar wani dogon sa da ba irinmu ba, wadda ba ta kai damina ta biyu ba. Baban Paiko ya ci gaba da zuwa na ɗan lokaci. Su gaisa har zuwa gajiya, daga nan su zauna suna kallon hanya, a kawo kindirmo ya ɗan taɓa ya ajiye. A hankali zuwan ya yi nisa da juna, har ya yanke. Kaka ya rasu, shi ma ya rasu, sai bayan an binne shi da daɗewa labari ya iso mana. Yau jikokinsa suna shiga motar Paiko su shigo Minna aiki kowace safiya. Wataƙila na sha zama kusa da ɗayansu a layin asibiti, ban san shi ba, bai san ni ba, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan shanun.

Jikokina suna tsokanata wai ba a gaishe ni a tsaye. In an ce mini yaya gida, sai in faɗi yadda gidan yake, mai daɗi da marar daɗi. In kuma na tambayi wanda nake ƙauna ya ce mini lafiya lau, sai in ce, "To, na ji gaisuwa. Yanzu gaya mini." Su yi ta dariyarsu, ba na jin haushi. Ba su ga tsofaffi biyu a gindin ɗorawa ba, kowa ya jawo saniyarsa tun asuba, ba wanda ke da inda zai kai ta.